Turken Gwamnati

A shekarar da aka sami 'yancin kai wani malamin awo ya zo Kajiji da turken ƙarfe, ya kafa shi a bayan gidan Ɗanmusa, kusa da kwazazzabon da ruwa ke ci kowace damina. Ya gaya wa mai gari cewa duk shekara za a auna daga turken zuwa gaɓa, garin da ƙasarsa ta fi zaizayewa shi za a kai wa duwatsu a tare masa ruwa. Ɗanmusa yana gona a lokacin, kuma mai gari ba mai riƙe dogon bayani ba ne.

"Kayan gwamnati na," abin da mai gari ya ce wa Ɗanmusa ke nan. "In ya ɓace, kai za a kamawa."

Tun daga ranar hankalin Ɗanmusa bai sake kwanciya ba. Hadari na haɗuwa sai ya fita duba turken. Duk sanda gaɓa ta zube, sai ya tumɓuke turken ya ja shi baya, ya auna da igiyar jakinsa, ya bar daidai tazarar da malam ya bari. Matarsa Daso har tsiya take masa, wai ko awakinsa ba su sami wannan gata ba.

Kwazazzabo ya ci tsamiya, ya ci makewayi, ya haɗa da rumbu guda. Duk shekara sabon malami ake aikowa, ya ja awonsa ya tafi. Abin da ya rage a bakin ramin shi ne ɗakin Inna, tsohuwar Ɗanmusa, wadda ƙafa ta daina ɗaukarta.

Da malamin shekara ta huɗu ya zo, gab da faɗuwar ruwa, Ɗanmusa ya durƙusa gabansa.

"Ranka shi daɗe, duwatsun hwa? Mun ga motoci sun wuce Horo Birni."

"Can ne ƙasa ke tafiya," in ji malamin. "Ku kun yi sa'a. Tunda aka kafa turken nan gaɓarku ba ta matsa ba."

"Ai ni ka jan shi baya, gudun shi hwaɗa ciki."

Malamin ya dubi gindin ɗakin Inna da ya soma tsagewa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce duwatsun bana sun riga sun ƙare.

Da la'asar gabas ta yi baƙi. Ɗanmusa ya shiga ya goya Inna, tana kuka tana riƙe ƙyaure, ya fito da ita daga ɗakin da ta haife shi a ciki.