Alkafura a Ɗigon Ruwa

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin nan ya san Anti, ya kuma ɗanɗani bakinta. A kan madubin duba ƙwayoyin cuta ta yi furfura, kuma ba ta yarda wani ya taɓa mata kujera. In an kawo sabon ma'aikaci, karatunta ɗaya ne. Ka shafa jini a gilashi, ka zuba rini, ka wanke. Ƙwayar da ta riƙe shunayya dangi ɗaya ce, wadda ta saki ta koma ruwan hoda wani dangin ne. Sannan ka dubi siffa, ƙwallo ne ko sanda.

Sandunan shunayya kuwa, zancensu take yi kamar na maƙwabtan da ta san sirrinsu. Akwai ƙattai mazauna ƙasa, da wuya ta yi wuya sai su shige ƙwanso su yi barcinsu, tafasa ma ba ta cika damunsu ba. Akwai waɗanda ba sa ga maciji da iska, su ne ke laɓewa a zurfin rauni su sarƙe wa mutum haƙora. Akwai na kirki masu tsamar da madara. Sai 'yan zaman kashe wando, gajeru, da ke kwance a fatar kowa.

"Waɗannan allura ke kwasowa in za a ɗebi jini," in ji ta. "In ka gan su a kwalbar gwajin jini, kar ka tayar wa likita hankali. Ƙazantar fata ce."

Kuma gaskiyarta, kusan kullum haka abin yake.

Ranar da nake ba ku labari, matar autanta tana kwance a ɗakin masu ciki, a bene na sama. Cikin ya tsufa, an kuma daɗe ana jiransa, don biyu sun zube kafin shi. Zazzaɓi ne ya kama ta da ciwon baya, aka ɗebi jininta aka sa a kwalba don a ga ko wani abu zai tsiro. Da safe kwalbar ta nuna akwai abu.

Dogo, abokin aikinta mai gemu, shi ya yi rinin. Ya leƙa, ya ɗago da murmushi.

"Anti, albishirinki. Mutanenki ne na fata."

Ta ture shi ta leƙa da kanta. Gajerun sanduna, shunayya, a warwatse kamar ashanar da ta zube. Wani sanyi ya ratsa mata zuciya. So take ya zama hakan, don haka ba ta daɗe tana kallo ba. Ta ce Dogo ya sanar da likita, ita kuma ta haura sama da saurin da gwiwoyinta suka manta.

"Ba komai, 'yata," ta ce wa surukarta. "Na gani da idona. Zazzaɓi ne kawai, ki kwantar da hankalinki."

Yarinyar ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Umma." Auta kuwa tuni ya fita baranda yana buga waya, yana shaida wa dangi.

Anti ta dawo bakin aikinta, amma zama ya gagare ta. Ta goge teburin da ba shi da datti. Ta yi wa Dogo faɗa a kan murfin biro. Abin da ke cin ta shi ne, a cikin dangin nan akwai wata guda mai kama da 'yan fata sak, ana ce mata listeriya. Ba a cika ganinta ba. Ita kanta Anti rabonta da ita tun tana sabuwar ma'aikaciya. Sai dai ƙwayar tana son abincin da ya daɗe a firij, tana kuma son mai ciki, kuma ba a kan uwa take tsayawa ba, har ɗan cikin take kaiwa.

Ta ɗebi kaɗan daga kwalbar ta sa a ruwan renon ƙwayoyin cuta, ta ajiye a kan tebur, nesa da akwatin ɗumin da aka saba renonsu a ciki.

"Anti, me kike nema kuma?" in ji Dogo. "Ke fa kika koya mana."

"Na koya maka ka sa min ido? Je ka ci abincinka."

Dabarar ba wuya gare ta, haƙuri kawai take so. 'Yan fata ba sa motsi, ko me ka yi musu. Ita waccan, in ta sami sanyin ɗaki, sai ta fitar da 'yan gashi ta fara iyo. Anti ta zauna tana kallon kwalbar har abincinta ya huce a cikin jaka.

Da rana ta karkata, ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi ta sa a ƙarƙashin madubi. Da farko ba ta ga komai ba sai rawar da ruwa ke sa kowace ƙura. Har ta fara hamdala. Sai ƙwaya guda ta ratso daga gefe, tana juyawa kai da gindi, kamar yaro mai alkafura a kan katifa. Wata ta biyo ta, sai wata.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a ɗakin nan ba. Ta matsa ta bar wa Dogo madubin. Ya leƙa, ya ce, "Innalillahi."

Da labarin ya isa gare ta, likitar mata ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce allurar da ake yi wa mai cikin ba ta taɓa wannan ƙwayar, dole a canza yanzu, ta kuma soke sallamar da ta riga ta bayar.

A ɗakin, Auta ya gama haɗa kaya, filas a hannu ɗaya, jaka a ɗaya. Matarsa tana zaune a bakin gado da mayafinta.

"Ajiye jakar nan," in ji Anti.

"Umma, ba ke kika ce ba komai ba?"

"Ni na ce. Na yi gaggawa. Ajiye."

Ta zauna kusa da surukarta ta yi mata bayani a hankali, cewa an gano abin, akwai maganinsa, ga shi nan ana kawowa. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, idonta a ƙasa.

"Umma," ta ce, "tun safe ban ji ya motsa ba. Na so in faɗa miki, sai kika ce kin gani da idonki."

Anti ta miƙe. Ita ta taimaka aka kwantar da ita, ita ta janye rigar. Nas ta shafa mai a cikin, ta ɗora na'urar sauraro. Shuuu kawai ake ji. Ta matsar dama, ta matsar hagu. Auta yana tsaye har yanzu da filas a hannu, ya manta yana riƙe da shi. Nas ta sauko ƙasa da cibiya ta danna.

Sai ga wani ɗan sauti, siriri, yana bugawa da sauri.

"Wannan ƙarar mece ce?" in ji Auta.

"Ɗanka ne," in ji Anti. Ta kama ƙarfen gadon da hannu biyu. "Nas, don Allah kar ki ɗauke tukuna."