Igiyar Auna Maƙabarta

Tun Ɗayyabu bai fara aiki a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ba mutanen Tungar Maje ke roƙon a katange musu maƙabarta. Kowane kansila ya hau sai ya dafa ƙirji ya ce a bar masa, ya gama ya sauka kuma maƙabarta tana nan a buɗe bakin hanya, 'yan kabu-kabu na ratsa gefenta don yanke, shanu na bi ta bayanta. Sai bana, ana tsakiyar cirar albasa, a wani zaman majalisa da rabin kansiloli ke gyangyaɗi saboda zafi, aka karanto maganar tsakanin gyaran wata kwalbati da rabon rumfunan kasuwa. Aka ce an amince. Abin da aka yi shekaru ana bi da ƙafa, wallahi ko tari ba wanda ya yi a kansa.

Washegari Injiniya Imrana, shugaban sashen, ya kira Ɗayyabu ofis. Mutum ne mai fara'a, amma irin fara'ar nan da in ya yi maka ita sai ka fara gyara kafaɗa, don ka san kaya na tafe. Ya jawo wani ƙunshin shuɗiyar igiya daga ƙarƙashin tebur ya tura masa da ƙafa.

"Tungar Maje garinku na, ko?"

"Garinmu na, Yallaɓai."

"To madalla. Ɗan kwangila ya kai bulo. Na auna, iyakar inda bulon zai kai shi na tsawon wagga igiya. Ka tahi ka zagaya maƙabarta da ita, inda tab bi ka kafa turaku, magina su bi bayanka. Kai ka san naku, ba ni son a zo mani da ƙorahi."

Ɗayyabu ya ɗaure igiya a bayan babur yana jin daɗi har cikin ransa. Mahaifiyarsa, Inna Gudiya, tana kwance a wannan maƙabarta. Duk hanya yana tunanin yadda za a ce a gari, ai ɗan Gudiya ne ya zo ya katange matattu. Ya wuce manyan motocin albasa masu ɗauko kaya daga Aliero, ya ratse titin Jega ya hau jar hanyar garinsu, har yana ɗan rera waƙa.

Da safe shi da leburori suka fara jan igiya. To wa ya taɓa binne mutane da ma'auni? Maƙabartar ta faro ne daga gabas, daf da hanya, inda tsofaffin gidajen gari suka fara sa nasu. Ta buɗe a tsakiya, sannan ta ja doguwar wutsiya yamma har bakin burtali, inda Fulanin da suka zauna daga baya suke kai nasu. Suka zagaya, suka dawo, bakin igiya bai haɗu da ɗan'uwansa ba. Ɗayyabu ya ce an yi sake, a ja da kyau. Suka ja har igiya na ƙara. Ina! Ba ta haɗu ba, kuma ba ɗan kaɗan ya rage ba.

Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, rana na dukansa. Magana ɗaya ce take fitowa. Tsakiya dole ta shiga. In wutsiyar yamma ta shiga, kusurwar gabas za ta zauna a waje. In kusurwar gabas ta shiga, wutsiyar yamma ce a waje. Kuma a kusurwar gabas ɗin, ƙarƙashin wata aduwa, nan aka sa Inna Gudiya kusa da iyayenta. Kabarin ya daɗe da shafewa, ƙasa ta koma daidai, amma Ɗayyabu ko idonsa a rufe zai kai ka wurin.

Ya tafi gun Mai gari. Mai gari ya saurare shi har ƙarshe, ya shafa gemu ya ce, "Wanga aikin gwamnati na, Ɗayyabu. Ku ad da ilminshi, mu 'yan kallo muke." Ya tafi gun Liman. Liman ya ce matattu duka bayin Allah ne, ba wanda ya fi wani, Allah shi ba da ikon yin daidai, ya ɗauki buta ya shige. Kansila kuwa, wanda ya riga ya sa an yi ta shelar cewa shi ya kawo aikin, wayarsa a kashe take. Mutanen da jiya ke rige-rigen a ce da su aka yi, yau kowa ya tuna yana da uzuri.

Da yamma wansa Alu ya same shi a ƙofar gida. Alu manomi ne, daga lambu yake, jikinsa duk warin albasa, kuma labari ya riga ya kai masa.

"Mi nika ji? Wai igiya ba ta kai ba?"

"Ba ta kai ba, Yaya."

"To sai mi? Igiyar ga hannun wa take? Ba hannunka ba?"

"Yaya, in na jawo ta gabas, mutanen yamma..."

"Dakata min. Inna ta sai da awakinta kat tahi makaranta, ni ina nan ina noma. Yau Allah ya sa igiya ga hannunka, kana tsaye kana ce mani mutanen yamma? Kai ko kunya ba ka ji?"

Kunya kam ya ji ta, har bai iya cin tuwon da aka kawo ba. Ya ce ko gari zai haɗa hannu a ƙara bulo. Alu ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce albasa ta faɗi warwas a kasuwa, mutane na neman abin da za su kai gida, wa zai je ya tara su kan bulo?

Da gari ya waye Ɗayyabu ya koma sakatariya. Injiniya Imrana na cin gyaɗa, ya tura masa kujera, ya ji shi tsaf, har da girgiza kai don tausayi.

"Ayya. To ai abu mai sauƙi na. Wanda yar rage sai a sa shi kashi na biyu."

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai. Shi da ke aiki a wannan sashe, shi za a gaya wa kashi na biyu? Akwai asibitin sha-ka-tafi da ke jiran kashi na biyu tun yana sabon ɗauka, yanzu tumaki ke kwana a ciki.

"Yallaɓai, ko za a ɗan jinkirta a nemi ƙari?"

Fara'ar ta ɗan ragu. "Ɗayyabu, damana na tahe. In ba a fara haƙa harsashi ba wanga mako, akwai ƙauyukan da ka roƙon bulon ga da kuka. Mota guda za a turo a kwashe. Sai ka koma ka gaya ma mutanenku kai kas sa sunka rasa duka."

Haka ya fito, ba gaba ba baya. Ya zauna kan babur a inuwar dalbejiyar sakatariya ya daɗe bai tayar ba. Ya yi fushi da Injiniya, ya yi fushi da Alu, ya yi fushi da wanda ya fara kawo shawarar katangar ma. Daga ƙarshe ya ce wa kansa, kowa ma uwarsa zai fara karewa, ba shi ya yanka igiyar ba.

Kashegari ya ja ta gabas. Aduwa ta shiga ciki. Alu ya zo ya tsaya hannu a baya, ya duba, ya gyaɗa kai, ya wuce lambu. Leburori suka bi suna kafa turaku har suka iso yamma, inda igiya ta yanke wutsiyar maƙabarta ta bar ta a waje.

A nan suka tarar da wani dattijo zaune a kan dugadugansa, sanda a kafaɗa, gefensa damin ƙaya da ya saro. Kalilu ne, Bafulatanin da ya yi shekaru da zama a bayan gari, yana noma yana kiwo. Ya miƙe da ƙyar, suka gaisa, ya tambayi gida da aiki da hanya, bai bar ko ɗaya ba.

"Nan za ta bi?" in ji shi, yana nuna igiya da baki.

"Nan ta, Baffa. Bulon na bai kai ba. An ce sauran sai kashi na biyu."

Da ya ji kansa yana faɗin haka sai bakinsa ya yi ɗaci.

"To, ba komi," in ji Kalilu. "Ni dai in sani naz zo, don in san ƙayar da zan ƙara. Shanu ba su san kabari ba, ko namu na gida. Kowace shekara nikan sa, kowace shekara su watse ta."

Sai a lokacin Ɗayyabu ya dubi wajen da kyau. Jiya da shekaranjiya igiya kawai yake kallo. Yau ya ga tulin ƙaya a jere a jere har bakin burtali, wasu sun bushe sun yi fari, wasu ɗanyu, da yawa gajeru ƙwarai, na yara. Wasu ko damina ɗaya ba su sha ba. A kusurwarsu ta gabas kuwa, Inna ce da iyayenta da wasu 'yan tsofaffi da ba mai tuna sunansu.

"Wane na naka, Baffa?"

"Waccan Maryam ta, uwar ɗiyana. Waɗanga biyu jikoki na." Ya gyara sandarsa. "Na ga ka sa Gudiya ciki. Ka kyauta. Da mu anka ɗauke ta, ni nar riƙa ta ƙafa. Mace ta da ba ta taɓa bari matanmu su wuce ƙoharta da ƙishirwa ba. Ta cancanci katanga."

Ya faɗa da zuciya ɗaya, ba habaici, ba komai. Da ma zaginsa ya yi, da ma ya tara masa mutane, da Ɗayyabu ya san yadda zai yi da shi. Dattijon ya durƙusa ya fara warware daminsa, ƙaya na kama masa hannun riga.

Babban magini ya matso da diga. "Malam Ɗayyabu, mu fara?"

Ɗayyabu ya sake duban jerin tulin ƙayar nan. Sannan ya sunkuya ya kama turken da ke gabansa, ya girgiza shi, ya tuge. Ya tuge na gaba. Leburori suka tsaya suna kallonsa baki buɗe.

"Ku kwance," ya ce. "A ja ta yamma."

Kafin azahar labari ya kai lambu. Alu ya zo a guje, ƙafafunsa duk laka, ya tarar an riga an fara haƙa, harsashi ya bi ta bayan aduwa ya bar ta a bakin hanya. Mutane suka taru suna jiran a yi faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya zo daf da ƙanensa ya ce, "Ka bar Inna waje." Ɗayyabu ya buɗe baki zai yi bayani, Alu ya ɗaga masa hannu, ya juya ya tafi. Tun daga ranar, in Ɗayyabu ya yi sallama a gida, matar Alu ce ke amsawa.

Katanga ta tashi kafin ruwan farko. Ta yi kyau, a faɗi gaskiya, an shafe ta da siminti, an sa mata ƙofar ƙarfe. Kansila ya kunna wayarsa, ya zo da manyan kaya, aka yi addu'a, aka ɗauki hoto, aka raba goro. Liman ya sa wa duk wanda ya sa hannu albarka. A ofis Injiniya Imrana ya dafa kafaɗar Ɗayyabu ya ce aiki ya fita tsaf, ba ƙorafi ko ɗaya, sannan ya miƙa masa awon wata kwalbati a hanyar Maiyama.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Ɗayyabu ya biya don ya yi wa Inna addu'a. Tun daga nesa ya hango wata babbar mota shaƙe da buhunan albasa ta ratse hanya ta shige inuwar aduwa. A da, ko 'yan kabu-kabu masu yanke sukan ɗan kauce wa wurin, don kowa ya san daga nan maƙabarta ta fara. Yanzu ga tayoyi sun zauna daram, direba ya shimfiɗa kwali a gindin itacen, ya miƙe ƙafa yana shan fura, rediyo na yi.

Ɗayyabu ya kashe babur, ya yi sallama.

"Malam, don Allah ka ɗan ja motarka gaba. Nan akwai kabari."

Direban baƙo ne, ba ɗan garin ba. Ya miƙe da sauri, ya ce subhanallahi, ya dubi ƙasa ƙarƙashin ƙafarsa. Bai ga komai ba sai jar ƙasa shimfiɗe da sawun taya. Ya ɗaga kai ya dubi sabuwar katanga fes a gabansa, sai hankalinsa ya kwanta, har ya yi murmushi.

"Haba Malam, ka tsorata ni. Ai maƙabarta can ciki take. Ga iyakarta nan hukuma ta auna ta gina, ko kai baƙo ne?"

Ɗayyabu ya dubi katangar, ya dubi tayar da ke kan Inna. Direba ya koma ya zauna, ya miƙo masa kwanon fura ya ce bismillah.