Agogon Dokta Sirajo da Alƙali na Biyu

Dokta Sirajo mutum ne mai son a san ya yi karatu, kuma ya yi ɗin, ba a musu. Shekara shida yana riƙe da wani ƙaramin asibiti a yankin Mayahi, mai ɗaki guda na yaran da ciwo ya tsananta. Gado huɗu ne a ɗakin, da injin iska guda biyu, amma Dokta ya sa an rubuta "Reya" a ƙofar da jan fenti, kamar yadda ake kiran ɗakin kulawa mai tsanani a manyan asibitocin Yamai. Burinsa a duniya guda ne: ya ga sunansa a cikin mujallar likitoci ta ƙasar waje, ko da sau ɗaya ne kafin ya tsufa.

Dabarar da yake taƙama da ita kuwa ta tasbaha ce. Ba su da na'urar lura da numfashi, majo Balkisu kuma, shugabar masu jinya, hannu biyu Allah ya ba ta. Sai Dokta ya raba wa uwaye tasbaha, an ɗaura jan zare a ƙwaya ta hamsin, ya rataya babban agogo a bango da hannunsa. Uwa ta kalli ƙirjin ɗanta, numfashi ɗaya ƙwaya ɗaya, har minti ya cika. In ta wuce jan zaren, ta kira majo. Cikin shekara biyu yaran da ake rasawa a ɗakin suka ragu, raguwar da ko maƙiyi ba zai musanta ba.

Ya rubuta wannan cikin shafi goma sha ɗaya, ya aika wa wata mujalla mai buga binciken kulawa mai tsanani. Al'adar mujallun nan ita ce, edita ba ya bugawa sai ya miƙa rubutun ga wasu likitoci biyu ko uku da ba a faɗa maka sunansu, su tsefe shi. Dokta yana kiransu alƙalai. Wata uku yana hawa tudun bayan asibiti neman rezo, wato sabis ɗin waya, har masu kabu-kabu suka fara tambayarsa ko wata ce ta ƙi ɗaukar waya.

Da amsar ta zo, alƙali na ɗaya ya yaba, Dokta ya ce wannan ɗan halak ne. Na uku ya ce a gyara Turanci, ya ce wannan ma bai yi ƙarya ba. Na biyu kuwa tambaya goma sha bakwai ya jero. Edita ya ba shi kwana talatin ya amsa, in amsar ta gamsar, a buga.

Dokta ya karanta wa majo Balkisu tambayoyin yana huci. "Ki ji wanga mutum! Wai wane kamfani ya ƙera tasbahar? Shina zaune can cikin sanyi, bai taɓa ganin yaro na shiɗewa ba kuran ɗin lantarki ya ɗauke." Ya amsa takwas a zama ɗaya, kowace da ɗan yajinta. Ta tara ce mafi gajarta: wa ya tabbatar cewa mintin da uwayen ke aunawa minti ne?

"Agogo mana," in ji Dokta. "Ni na rataya shi."

Majo ta ci gaba da naɗe bandeji. Shirun nata bai yi masa daɗi ba, don ya san ta da magana. Ya tashi ya shiga ɗakin da niyyar ɗaukar hoton agogon ya aika wa alƙali na biyu ya ji kunya. Agogo na nan fes, an goge masa ƙura. Ƙarfe huɗu saura minti goma yake nunawa, alhali ko azahar ba a kira ba. Ya tsaya yana kallonsa, allurar ba ta motsa ba.

"Tun yaushe?" ya tambayi majo, wadda ta biyo shi.

"Pil ɗin, wato batirinsa, ya mutu tun bara waccan, Dokta. Na sake sau biyu, sai na ga ba mai kallonai."

A gadon farko wata mata ce daga Attantane, Furera, 'yarta na kwance da ciwon haƙarƙari. Tasbahar na hannunta, idonta a ƙirjin yarinyar, a gefenta kuma wata matashiya tana lanƙwasa yatsu tana motsa baki. Da yatsa na goma ya lanƙwashe, Furera ta tsaya, ta ce wa majo, "Arba'in da ɗaya." Dokta ya tambaye su me suke yi. Furera ta dube shi da mamaki, ganin mai dabara yana tambayar dabararsa.

"Likita, mu ba mu san karatun agogo ba. Maƙwabciya ta yi salati goma, ni in ja. Haka muka iske ana yi."

Dokta ya ciro wayarsa ya auna. Salati goma na matashiyar sakan talatin da takwas ne. Na wata Bafulatana daga Gidan Amumune hamsin da biyar. Ita kuwa tsohuwar da ke jinyar jikanta a gadon ƙarshe, Inna Marwa, dogon salati take yi, tana jan kowace kalma, sai da ta ci minti ɗaya da rabi. Lambobi dubu uku da ya jera a rubutunsa ƙarƙashin "numfashi a minti" duka a kan wannan suka tsaya.

"To wa ke zaɓen mai salatin?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

Matan suka kalli juna, Furera ta rufe baki da gyale tana dariya. "In ɗiyata ta yi mini, wagga yarinya ta isa, ta yi sauri mu huta. In kuwa na ga ba ta yi mini ba, sai in kira Inna. Kahin ta ƙare na wuce jan zare, majo ta taho da gudu."

"Mi ya hana ki kira majo kawai?"

"Ai in babu lamba, sai a ce in kwantar da hankalina."

Dokta ya koma ofis ya rufe ƙofa. Gaskiya ya ji kunya, ya kuma ji haushi, kuma bai san wa zai ji wa haushin ba. Amsar tambaya ta tara layi ɗaya ce in ya so: an auna da agogon bango. Alƙali na biyu ba zai hau kabu-kabu ya zo Mayahi duba pil ba. Kwana tara yana rubuta layin yana gogewa. Har ya sayi sabon pil ya saka, wai ko maganar za ta zama gaskiya ta baya, sai ya ga agogon na tafiya, matan na salatinsu, shi kaɗai ke kallon bango kamar baƙo.

Rana ta goma ya rubuta abin da ya gani, da sakan talatin da takwas, da minti ɗaya da rabi na Inna Marwa, da maganar Furera yadda ta faɗe ta. Ya cire yajin da ya zuba a sauran amsoshin, ban da ta kamfanin tasbaha, wadda ya kasa haƙura. Da ya danna aikawa sai ya ce wa majo, "Shi ke nan, na yanka kaina da hannuna."

Bayan mako biyar edita ya amsa cikin ladabi: ba za su iya bugawa ba, ma'aunin da binciken ya dogara a kansa ba ma'auni ba ne. Dokta ya karanta a tsaye a kan tudu, ya ji zafin abin, ko da yake shi ma da shi ne edita haka zai ce. A ƙasan wasiƙar alƙali na biyu ya gode masa da faɗin gaskiya, ya ce raguwar mace-macen abin a bincika ne, sannan, da yake hali ba ya barin mai shi, ya ƙara tambaya ta goma sha takwas: kafin a kawo tasbahar, idan uwa ta ce ɗanta bai yi mata ba, me likitan ɗakin yake ce mata?

Wannan karon Dokta Sirajo bai nemi majo ba, bai kuma shiga ɗakin tambaya ba. Shekara huɗu kafin tasbahar, da bakinsa yake faɗa: ki kwantar da hankalinki.