Iskar Tayar Baya

Tayar baya ta tsage ne a zagaye na biyu, a gangaren duwatsun da ke bayan tankin ruwa, kuma a nan tseren Auta ya ƙare. Bai faɗi ba, bai ji ciwo ba. Ya sauka, ya saɓa keken a kafaɗa, ya gangaro da ƙafa ta gefen igiyar da aka shata hanya da ita, farin ruwan cikin tayar yana ɗiga a bayan rigarsa. Mahaifinsa, wanda shi ya ɗaura tayar kuma shi ya ba ta iska da safiyar ranar, yana tsaye a inda masu gyara ke jira, riƙe da gorar ruwan da zai miƙa masa.

Abin ya faru ranar Asabar da hantsi, a tseren kekunan hawan dutse da ake yi a tsaunin bayan gari ƙarshen kowane rani. Auta hutu ya zo daga birnin da yake aiki a wani kamfanin lodin kaya, tafiyar yini guda a mota. Rabonsa da tsere tun kafin ya tafi, shekaru da dama ke nan. A da, in yana hawa, 'yan kallo Sillan Kara suke kiransa saboda rashin jiki. Mahaifinsa mai gyaran keke ne, kowa a layin Baba yake ce masa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidan, da ƙofa zuwa titi da wata zuwa tsakar gida.

Baba yana so Auta ya dawo gida ya karɓi shagon, ya koma hawa. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Umma, mahaifiyar Auta, ita ta faɗa, ranar da ya iso, suna cin abinci.

"Babanka fa idonsa ya fara gajiya. Jiya sai da na zo na nemo masa ƙaramin noti a ƙasa, yana gaban ƙafarsa."

"Ke dai ba kya rasa labari," in ji Baba.

Auta ya juya cokali a kwano. "Bari in ga yadda ƙafata za ta yi ranar Asabar," ya ce. "In da sauran wani abu a jikina, sai mu zauna mu yi magana."

Baba ya ci gaba da cin abincinsa. Da aka gama ya shiga ɗaki, ya buɗe kabad, ya ciro wani ƙunshi daga ƙarƙashin zannuwan Umma.

Tayoyi biyu ne na tsere, a naɗe kamar bel. Ya saye su ne don tseren shekarar da Auta ya tafi, ba a kai ga ɗaura su ba. Irin marasa nauyin nan ne, haƙoransu ƙanana a jere kusa da juna don busasshiyar ƙasa, gefensu siriri har in ka ɗaga a haske kana ganin saƙar zaren ciki. Rana da zafi suna busar da roba, shi ya sa ya ajiye su a duhu. Lokaci zuwa lokaci yakan warware su ya duba ko sun fara tsattsagewa, ya sake naɗewa.

"Ni dai ban taɓa ganin tayar da ke kwana a ɗaki tana ƙanshin turare ba sai a gidan nan," in ji Umma.

Ranar Juma'a da yamma ya ɗaura su. Irin waɗannan tayoyin ba a sa musu tiyub. Farin ruwa mai kauri ake dura musu ta bawul, wanda a shagon suke kira madara, don in ƙaya ta huda ya toshe da kansa. Baba ya dura, ya ɗaga kowane wili yana karkaɗawa, yana juya shi kusa da kunne. Auta yana zaune a kan benci yana kokawa da tsohuwar rigarsa ta tsere, zif ɗin ya tsaya a tsakiyar ciki.

Umma ta shigo da shayi ta tsaya a bakin ƙofa. "Ikon Allah. Sillan Kara ya koma turmi."

"Umma, ƙarfi ne. Kwali nake ɗagawa."

"Da ciki kake ɗagawa?"

"Yana nan yadda yake," in ji Baba, bai ko ɗago kai ba. "Rigar ce ta tsuke a ajiye."

Abin da ya fi wuya a tayar tsere shi ne iska. In ta yi yawa, tayar takan yi ta tsalle a kan duwatsu ba ta kama ƙasa. In ta yi kaɗan, sai ta lotsa har bakin ƙarfen wili ya daki dutse ya datse robar. Tsakanin biyun tazara ce 'yar kaɗan, kuma nauyin mai hawa ne ke yanke ta. Baba yana da ma'aunin iska a rataye jikin ƙusa, da shi yake yi wa masu kawo gyara aiki. Auta kam tun yana ƙarami da babban yatsa yake auna masa. Ƙa'idarsu ce kuma, ranar tsere Auta ba ya taɓa famfo. Baba zai ba da iska, ya danna da yatsa, ya rage ko ya ƙara, sannan ya bugi sirdi da tafin hannu. In ya buga, magana ta ƙare.

Da safiyar Asabar haka aka yi, a filin da ke gindin tsaunin, tsakanin motoci da rumfunan leda. Baba ya durƙusa, ya danna tayar baya, ya saki iska kaɗan, ya sake dannawa, ya bugi sirdi. Auta ya hau. Ya leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa ya ga yadda tayar ta baje a ƙasa.

Dogo, wanda suka yi ta fafatawa da Auta a da, yanzu shi ke riƙe da tutar tashi, ya zo wucewa ya tsaya.

"Sillan Kara! Kai ne ko yayanka?" Ya dubi tayar. "Baba, a ƙara masa kaɗan mana. Mutumin nan ya ci abincin birni."

"Tun ba ka iya ɗaure igiyar takalminka nake ba shi iska," in ji Baba. "Je ka kaɗa tutarka."

Dogo ya yi dariya ya wuce. Famfon yana kwance kusa da ƙafar Baba. Auta ya dube shi, ya dubi hannun mahaifinsa da ke kan sirdi har lokacin.

"Ta yi, Baba," ya ce.

A zagayen farko ya wuce a tsakiyar ayari, bakinsa buɗe, fuskarsa duk ƙura. Bai karɓi ruwa ba, ɗaga wa Baba yatsa kawai ya yi. Waɗanda suka san shi suka yi ta ihun tsohon sunansa. Wata mata da ke kusa ta tambayi Baba ko ɗansa ne, ya ce eh, a tudu na gaba zai kamo na gabansa, a hawan tudu yake da ƙarfi. Ya matsa bakin igiya ya cire murfin gorar.

Na gaba suka dawo, na tsakiya suka dawo, na ƙarshe ma suka wuce. Baba bai mayar da murfin ba sai da ya hango Auta yana gangarowa da keken a kafaɗa.

Da la'asar, a shago, Baba ya cire tayar ya wanke madarar, ya juya cikinta waje a bakin ƙofa inda haske yake. Tsaga biyu ne, kusa da juna, daidai inda bakin ƙarfe ya cije robar. Ya daɗe yana shafa su.

"Wannan ba ƙaya ba ce," ya ce.

"Dutse ne, Baba. Ni na bi ta inda bai kamata ba."

"Da ka hau, ka ji ta yi laushi?"

Auta yana kwance igiyar takalmi. "Na ji."

"Amma sai ka yi shiru."

"To me zan yi? In sauka in ɗauki famfo a gaban Dogo?"

Baba ya rataye tayar a ƙusar da ma'aunin yake. "Iskar da na saba ba ka ita na ba ka," ya ce.

Umma tana tsakar gida tana jinsu. "Ɗaya ba ya gani, ɗaya ba ya magana," ta ce. "Ku fito ku ci abinci."

Ranar Lahadi Auta ya yini a shagon. Ya gyara wa wani birki, ya share ƙarƙashin teburin aiki, ya jera notuna a gwangwanaye gwargwadon girmansu, ya sauya ƙwan fitila da wanda ya fi haske. Da Umma ta tuna masa maganar da ya ce za a zauna a yi, ya ce ai tseren bai nuna komai ba, tunda bai gama ba. Ta ce to akwai wani tseren daban da ake yi bayan damina. Ya ce ya sani.

Litinin da sassafe, kafin motar da za ta kai shi tasha ta iso, Baba ya sa wata tsohuwar taya a wilin bayan keken, ya sauko da shi daga marataya, ya jawo famfo.

"Zo ka zauna a kai in gani."

Auta ya riga ya sa kayan tafiya, jakarsa a kafaɗa. Ya ajiye jakar, ya kama kan keken. Sai motar ta yi hon a bakin titi, ta sake yi.

"Bari sai na zo, Baba."

"Yaushe?"

"Zan kira."

Ya kira da ya sauka, ya ce ya isa lafiya. Yana kira duk ƙarshen mako, ya tambayi idon Baba, ya tambayi ko fitilar tana aiki. Maganar tsere ba ta tasowa.

Baba ya aika an kawo masa sabuwar tayar baya, irin waccan, marar nauyi. Wannan bai kai ta kabad ba. Ya ɗaura ta a wili, ya rataye keken a inda ake hango shi daga titi. Dogo ya biyo ranar nan ya danna ta, ya ji yatsansa ya nutse har ƙarfe, ya tambaya ko ta huje ne. Baba ya ce lafiyarta ƙalau, iska ce bai sa ba, sai mai hawanta ya zauna a kai tukuna.

An yi ruwan farko a makon jiya. Auta bai ce zai zo ba, bai kuma ce ba zai zo ba.