Gashin Bakin Sumul

"Kawu, riƙe ta tukuna ko hannunka ya saba," in ji 'yar gidan, ta miƙa wa Kafinta sabuwar reza kamar mai miƙa garwashi.

Kafinta ya karɓa. Mutumin da ya tsufa yana kokawa da zarto da guduma, yau ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba ya sa shi zufa. A kan gado maƙwabcinsa ne, tsohon direban bas da duk layin ke kira Sumul. An tokare shi da matasai, siririyar robar iska ta zagayo ta bayan kunnuwansa ta shiga hanci, injinta na ta gurnani a gindin gado.

Ba a banza ya samo sunan ba. Tun da suka zama maƙwabta, katanga ɗaya tsakaninsu, Kafinta bai taɓa ganin gashi ko sili ɗaya a leɓensa na sama ba. Gemu kam yana barinsa yadda ya ga dama, amma ƙasan hancin nan kullum fes. Kafinta ya sha tsokanarsa cewa ko ƙuda ya sauka a wurin sai ya zame. Sai dai kowa ya san dalili. Matarsa ta kurumce tun zazzaɓin da ta yi bayan haihuwar 'yar nan, da ido take jin magana. Bakin kowa yana ba ta wuya, nasa kuwa tana karanta shi ko daga bakin ƙofa.

To, ciwon zuciya ya kwantar da shi, hannu ya daina riƙe ko kofi, gashin baki ya fito fari fat ya rufe leɓen. 'Yar ta rage shi da almakashi, amma guntayen suka hana a ga iyakar leɓen, ga idon tsohuwar ma ya yi rauni. Tun da aka sallamo shi daga asibiti yake motsa mata baki, ita kuma tana girgiza kai. 'Yar ta ce ya faɗa mata ta isar da hannu. Ya ce, "Ba saƙo ba ne. Hira ce."

Mai askin bakin titi ya zo da safe. Da ya ji nas ɗin da ke leƙo gidan ta ce mara lafiyan yana shan maganin tsinka jini, ƙaramin yanka ma jinin ba zai tsaya da wuri ba, sai ya naɗe jakarsa ya ce ya baro mutane a shago. Kafinta ya zage shi tas a zuci. Ga shi yanzu rezar tana hannunsa, ya fara ganin gaskiyar mutumin.

"Tsoro kake ji, mai ƙusa?" in ji Sumul, muryar kamar daga cikin rijiya.

"Tsoron wa? Kai da ko birki ba ka iya takawa ba."

Sumul ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Da ya lafa ya ce, "Ruwan ɗumi tukuna. Kar ka yi mini aikin gaggawa irin na kujerunka."

Kafinta ya jiƙa tawul, ya matse, ya ɗora a leɓen har gashin ya yi laushi. Ya murza sabulu a tafinsa ya shafa kumfar da ɗan yatsa. Fatar ta yi siriri, har yana jin haƙoran a ƙarƙashinta.

"Daga sama zuwa ƙasa," in ji Sumul. "Yadda ya kwanta. Kaɗan-kaɗan. Kuma kar ka maimaita wuri. In ya kumbura... ba za ta gane ba."

"Ai ko katako in ka kankare shi ta baibai tsagewa yake. Yi shiru."

Robar iskar ce matsala, domin a kan wurin take kwance. Sai da 'yar ta zare ta, ta riƙe ta a gefen hanci tana kallon ƙirjin ubanta. Nan take numfashin ya yi nauyi. Tsohuwar tana zaune a bakin gado, idonta yana bin rezar.

Ya fara daga gefe. Ɗan ja, ya ɗauraye a kwano. Ɗan ja, ya ɗauraye. Fararen gashi suka fara yawo a kan ruwan. Gefen dama ya fita tas, har ya fara jin cewa abin ba wani abu ba ne. Ya zo kusurwar baki ta hagu kenan sai ƙirjin Sumul ya zabura da tari. Kafinta ya ɗage hannu, amma bai ɗage da wuri ba.

Ɗigon bai fi kan allura ba. Ya tsaya ja a cikin farar kumfa, sannan ya fara girma.

"Baba!" in ji 'yar.

Kafinta ya danna tawul a wurin, ya ɗaga, ɗigon ya dawo. Ya sake dannawa, ya sake dawowa. Wa ya aike shi? Da ya zauna a shagonsa da yanzu yana buga ƙusa hankali kwance. Ya ajiye rezar a gefen kwano, ya ce, "A kira nas. Ni na gama."

Tsohuwar ta ture hannunsa. Ta tsoma gefen mayafinta a ruwan sanyi, ta danne wurin da babban yatsa, da ɗaya hannun kuma ta ja leɓen saman zuwa ƙasa ya miƙe a kan haƙora, kamar yadda ta saba ganin mijinta yana yi a gaban madubi. Ta dubi Kafinta, ta ce da muryar nan tata mai ƙarfi ta wadda ba ta jin kanta, "Saura tsakiya. Ci gaba!"

Tsakiyar ita ce ɗan kwarin da ke ƙarƙashin hanci, inda ko mai lafiya yake yanke kansa. Kafinta ya goge tafinsa a wando, ya riƙe numfashi, ya bi kwarin da gefen reza, sannu, sannu. Bai san lokacin da ya gama ba sai da ya ga babu sauran kumfa. 'Yar ta mayar da robar da sauri. Tsohuwar ta ɗaga yatsa a hankali. Duk suka zuba ido. Ɗigon ya bushe.

Kafinta ya shafa ruwan sanyi, ya ɗiga ɗan mai. Sumul ya huta har numfashinsa ya daidaita, sannan ya juya ga matarsa ya motsa baki. Ko sauti bai fita ba. Ta matso, ta ƙanƙance ido. Ya sake.

Sai ta doke shi a kafaɗa, a hankali.

"Ƙarya kake! Ni na fara ganinka. Kai kana can kana faɗa da fasinja."

Kafinta ya ɗauki kwanon ya fita, don idonsa ya fara ba shi kunya.

Duk yinin bai taɓa zarto ba. Ya zauna a shago yana goge wata ƙafar tebur da ba ta buƙatar guga, yana jin rabin hira ta bayan katanga. "A'a, shuɗiya ce rigar." Shiru. "Kai dai ka cika son girma." Shiru, sai dariya. Washegari da hantsi hirar ta ci gaba, sai dai shirun yana ƙara tsawo. Can ya ji an kashe injin, sannan kukan 'yar.

Da ya shiga, 'yar tana durƙushe a ƙasa. Tsohuwar tana nan inda ya bar ta jiya, a bakin gado. An cire robar. Leɓen yana fes, ba kumburi, ba ƙurji, sai ɗan baƙin ɗigo a kusurwar hagu. Ba ta waiwayo ba. Ta ɗan karkata kai, ta ƙanƙance ido, tana kallon bakin.