Muryar Baba a Ɗakin Ajiya

Ni dai na sha faɗa, wanda ya tafi aiki wani gari ba ruwansa da taɓa kwamfutar gida daga nesa. Amma wa ya ji tawa?

Maigidana mai awon hanya ne, sai dai ransa na ɗakin ajiyarmu, tsakanin buhun tsofaffin takalma da bokitin fenti. Can ya girke wata tsohuwar kwamfuta da aka yar a wurin aikinsu, ba allo ba komai, sai fanka da 'yar koriyar fitila. Saba yake ce mata. Hotunanmu da fina-finan yara duk suna cikinta, wai shi ba zai ba wani kamfani ajiyar iyalinsa ba. In ya yi baƙi, kafin a kawo musu ruwa ya ja su ya nuna musu ita.

Abu ɗaya ya sa nake ɗaga mata ƙafa. Marigayi surukina direban babbar mota ne, kuma in tafiya ta yi tsawo, magana yake ɗauka a kaset ya aiko wa Mama. Da kasakasan suka fara cinye kansu, maigidana ya juye su cikin sabar kafin su ƙarasa lalacewa. Kullum da safe Mama kan zauna a falo da kofin shayi, ta danna 'yar lasifikar da ya haɗa mata, ta ji mijinta yana ba ta labarin tayar da ta fashe masa.

Ran nan ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Na kira shi a waya, tun daga gaisuwarsa na san da magana.

"Uwargida ran gida, kin tashi lafiya?"

"Me ka taɓa?"

Ya yi 'yar dariyar marasa gaskiya. Wai yana zaune a masauki ba aikin yi, sai ya shiga sabar ta intanet don ya ƙara mata tsaro. Ya bi duk ƙofofin da ɓarayin intanet za su iya shigowa ya rufe.

"To ai madalla," na ce.

"Har da wadda nake shiga. Har da ta lasifikar Mama."

Kai! Mutum ya kulle gida daga waje, ya bar makullin a ciki, kuma yana wata uwa duniya.

Mama ta ajiye kofinta a hankali. "'Yar nan, faɗa mini gaskiya. Muryarsa ta tafi ke nan? Kasakasan ma ai ba sauran mai amfani."

Na mayar da wayar kunnena. Na ce masa, "Yallabai, ko ka kamo hanya yanzu, ko ka koya mini."

Haka na ciccibo ƙaramin talabijin ɗin ɗakinmu zuwa ɗakin ajiya, na tono kibod daga kwalin kayan wasan yara, na durƙusa a bayan sabar ina laluben ramin da kowace waya za ta shiga, ƙura na sa ni atishawa. Allo ya kawo baƙi ƙirin, da fararen rubutu ƙanana. Ya faɗa mini kalmar sirri, na buga, ban ga komai ba.

"Kibod ɗin nan ya mutu."

"Bai mutu ba, haka take. Ba ta nuna kalmar sirri."

"Halinku ɗaya, ɓoye-ɓoye."

Sai ya shiga karanto mini umarnin buɗe ƙofofin harafi bayan harafi. Nan ki bar fili, nan kada ki bari, wannan ƙaramin baƙi ne ba babba ba. Na kuskure, saba ta mayar mini da baƙar magana da Turanci. Na sake, ta sake. A karo na gaba ta yi shiru.

"Ba ta ce komai ba fa."

"Alhamdu lillahi! In ta yi shiru ta yarda ke nan!"

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Mama na bakin ƙofa riƙe da gefen mayafinta. Ya ce saura in umarce ta ta kashe kanta ta sake tashi. Na buga. Fanka ta tsaya, fitila ta mutu, ɗakin ya yi tsit. Na kasa kallon Mama. Can fankar ta yi tari ta ci gaba da juyawa.

Daga falo muka ji shuuu, sannan muryar Baba tar: "To yi magana mana, yana ɗauka." Wata budurwar murya ta ƙyalƙyale da dariya. "Ni ka kashe abin nan! Me zan ce?"

Ban taɓa jin wannan ba. Ta waya maigidana ya ce a hankali, wani kaset ne da bai gama gyarawa ba, shi ya sa bai saka mata shi ba. Da lasifikar ta farfaɗo, daga kansa ta fara.

Mama ta taka zuwa falo ta tsaya a kan lasifikar, hannu a ƙugu. Yarinyar ciki na ta dariya har da shaƙewa, Baba na tsokanarta.

"Wace ce wannan marar kunyar da ke yi wa mijina dariya haka?"

"Ke ce, Mama," na ce.

Ta zauna daɓas a kujera, tana dariya tana share ido da mayafi. Ta miƙo hannu na ba ta wayar.

"Kai, ɗan nan. Kada ka gyara shi. Bar mini shi yadda yake."