Awon Ƙarshe a Turken Almu

"Aje tsintsiyag ga, Hasana!" in ji Almu daga kan tabarma. Ciwo ya cinye muryar, amma masifar tana nan daram.

Hasana maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma tun rasuwar matarsa ita ke kawo masa fura. Ta ga turken shanunsa a ƙofar gida ya yi kaca-kaca, shi ne ta zo sharewa.

"Kai da ko zamne ba ka iyawa, kashin shanu ad damuwakka?"

"Sai an auna. Ki yi min alkawali."

Tun bara wata ma'aikaciyar furojen raya karkara, Fiddausiya, take zuwa daga garin Keita a kan moto, wato babur. Takan auna harawar da shanun suka ci da kashin da suka tara a turke, kafin kowa ya taɓa. Da wannan za a ƙiyasta iskar da dabbobi ke fitarwa, mai ƙara wa duniya zafi. Mutanen unguwa sun yi dariya har sun gaji. Almu bai yi ba. Ya ji cewa in babu awon shanun yankinsu na Adar, da na shanun Turai masu ƙiba za a yi musu lissafi, kuma da shi za a duba ko a bar dabbobi su ci gaba da kiwo a fakon da aka farfaɗo. Awon ƙarshen rani kaɗai ya rage, gobe da hantsi.

"Shanuna ba su san ƙoshi ba," ya ce yana haki. "A shar'anta su da cikinsu."

Ta yi masa alkawari, don dai ya yi shiru ya sha furarsa.

Washegari bayan sallar asuba Allah ya yi masa cikawa. Hasana ta yi kuka sosai, domin mutumin akwai faɗa, amma bai taɓa barin tukunyarta babu nono ba.

Kafin rana ta ɗaga, ɗansa Abdulhamid ya fito da shebur. Turken ne kawai fili, nan za a shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi. Sai ya tarar da Hasana tsaye tsakanin shanun, mayafi ɗaure a ƙugu.

"Inna, mi ak haka? Mutane na tahe."

"Su zamna gindin bedi."

"Gawa na ɗaki, ke kina tsaron kashi? Mi za a ce da mu?"

"Su ce abin da sunka so. Ubanka ya bar min amana, kuma ban gusawa."

Dattawa suka iso, suka dube ta, suka dubi juna. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi, amma ba ta matsa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce gindin bishiyar suka zauna a ƙasa.

Moton ya tsaya daidai lokacin da ake fitowa da makara. Fiddausiya ta rufe baki da hannu, ta juya za ta koma.

"Ɗiyata, zo ki yi aikinki," in ji Hasana.

Abdulhamid ya jingine shebur kusa da su, ya bi jama'a. Matan biyu suka kwashe kashin cikin buhu, suka rataya shi a ma'auni. Maza suna yin nisa a hanyar maƙabarta, Hasana ta riƙe igiyar ma'aunin da hannu biyu har allurar ta daina motsi.